Idan Kumburarriyar Jijiyar Ƙafa Ta Fashe: Abin Da Za A Yi Kafin A Isa Asibiti

"Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka ne daga Mabera, a nan cikin garin Sakkwato. Innata ta haura shekara sittin, kuma tun muna yara jijiyoyin ƙafarta ta hagu suka fito, suka kumbura suka murɗe tun daga bayan gwiwa har idon sawu. Sana'arta tuyar masa. Makon jiya da asuba ta yi wanka da ruwan zafi, tana cikin goge ƙafa sai jini ya yi tsartuwa daga wani ɗan ƙullutu kusa da idon sawu, siriri sosai amma ya ƙi tsayawa. Muka zaunar da ita a kan kujera, ƙanena ya ɗaure mata ƙafar da roba a ƙasan gwiwa, sai jinin ya ƙaru. Wata maƙwabciyarmu ta ɓare kafso ta zuba garin a wurin, duk a banza. Daga ƙarshe mai kemis na unguwa ya zo ya kwantar da ita, ya naɗe wurin da bandeji, sannan jinin ya tsaya. Yanzu wurin ya yi baƙin ɓawo, ita kuma ta ce ta warke, ba za ta asibiti ba. Wasu dangi suna cewa a kira wanzami ya fitar da mataccen jinin. Tana shan asfirin kullum, da kuma maganin ciwon gwiwa da muke saya mata. Me ya kamata mu yi a ranar, me za mu yi idan abin ya sake faruwa, kuma dole ne sai mun je asibiti?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Inna lafiya, Ya kuma saka wa mai kemis ɗin nan da alheri, domin abu biyun da ya yi, wato kwantar da ita da matse wurin, su ne suka tsayar da jinin. Idan na fahimce ki, kina son sanin taimakon da ake bayarwa a gida a daidai lokacin da jijiyar ta fashe, da dalilin da ya sa ɗaurin roba ya ƙara ta'azzara lamarin, da kuma ko akwai sauran aiki bayan jini ya tsaya. Amsar a dunƙule ita ce: a kwantar da mutum ƙasa nan take, a ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinsa tsawo, a danne daidai bakin raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a ɗaure komai a sama da raunin, sannan a kai shi asibiti ko da jinin ya ɗauke. Zan yi bayanin dalilan, saboda wanda ya san dalili ba ya mantawa a lokacin ruɗewa.

Me ya sa ɗan ƙaramin rami yake zubar da jini haka?

Jijiyoyin jini iri biyu ne a ƙafa. Akwai masu kawo jini daga zuciya, waɗanda suke harbawa kuma suke can ciki, akwai kuma masu mayar da shi sama zuwa zuciya. Waɗannan na biyun aikinsu ya fi wuya, domin daga tafin ƙafa suke tura jini ya hau sama alhali nauyinsa yana janyo shi ƙasa. Abu biyu ne suke taimaka masu. Na farko shi ne naman sha-raɓa, wanda duk takun da mutum ya yi yake matse jijiyoyin ya tura jinin gaba. Na biyu kuma wasu ƙananan bawul ne da Allah Ya jera a cikin jijiyar, suna buɗewa jini ya wuce sama, su rufe kada ya dawo. Idan bawul ɗin nan suka saki, jini sai ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiyar ta buɗe, ta yi tsawo, ta murɗe a ƙarƙashin fata. Wadda ta fi yawan samun wannan matsala ita ce doguwar jijiyar da ta taso daga cikin idon sawu ta bi ta cikin ƙwauri da cinya har matsematsi, kuma ita ce jijiya mafi tsawo a jikin ɗan Adam.

Gado yana cikin manyan dalilai, haka ma shekaru, da ƙiba, da yawan ɗaukar ciki. Mai juna biyu jininta yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, mahaifa tana danne manyan jijiyoyin ƙugu, sinadaran ciki kuma suna sassauta bangon jijiya, don haka macen da ta haihu sau da yawa ba abin mamaki ba ne a ga ƙafarta haka. Sai sana'ar da ake wuni a tsaye ko a zaune wuri ɗaya ƙafa tana ƙasa: masu tuya irin Inna, da mahauta, da masu aski, da malaman makaranta, da masu gadi, da 'yan kasuwar da suke wuni a bakin rumfa, har da mu ma'aikatan asibiti.

Yanzu ga inda haɗarin yake. Idan mutum yana tsaye cik, ƙarfin jinin da ke cikin jijiyar idon sawu yakan kai milimita 80 zuwa 90 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, wato kusan daidai da lambar ƙasa ta awon mai lafiya. Mai lafiyayyen bawul yana fara tafiya sai wannan ƙarfi ya sauka zuwa 30 ko ƙasa da haka, amma wanda bawul ɗinsa suka lalace ba ya samun wannan sauƙin sosai. Idan kuwa aka kwanta, ƙarfin yakan faɗo zuwa wajen 10, in aka ɗaga ƙafa sama da zuciya ya kusan ɓacewa ɗungurungum. Duk wanda ya taɓa zuƙo ruwa da tiyo daga cikin duro ya san cewa muddin bakin tiyon yana ƙasa ruwa zai yi ta zuba, amma da zarar an ɗaga shi ya fi duron tsawo sai ya ɗauke. Haka jijiyar Inna take. Lokacin da kuka zaunar da ita a kujera ƙafa tana lilo, jinin da ke cikin jijiyoyin cinya da na ciki duk ya samu hanyar gangarowa zuwa wannan ɗan rami, babu bawul ɗin da zai tare shi. Ga kuma fatar da ke kan jijiyar ta daɗe tana cinyewa saboda matsi, har ta zama ba ta iya jure gugar tawul, balle bayan ruwan zafi ya ƙara buɗe jijiyar.

Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Ledar jinin da ake ɗiba daga mai ba da gudummawa ba ta cika rabin lita ba, kuma mai lafiya yana jure wannan. Amma idan abin da ya zuba ya doshi lita ɗaya da rabi, rai yana cikin haɗari, tsoho kuwa ko mai ciwon zuciya ko mai ƙarancin jini ba sai an kai nan ba. Ana mutuwa da wannan ciwo, kuma galibin waɗanda yake kashewa tsofaffi ne da abin ya same su su kaɗai, suka ci gaba da tsayuwa ko zama, ko suka sa ƙafar cikin roba ko bokiti suna jiran jinin ya tsaya da kansa. Abin da yake ci mini rai shi ne, a cikin duk zubar jinin da muke gani a sashen gaggawa, da wuya a sami wadda ta fi wannan sauƙin tsayarwa.

Abin da za a yi a minti na farko

Kada a nemi kujera, kada kuma a ce sai an kai ta ɗaki. Inda take, ko a tsakar gida ne ko a bakin makewayi ko gaban tanda, a kwantar da ita rigingine a ƙasa. Mutum ɗaya ya durƙusa ya ɗora dugadugin ƙafar a kafaɗarsa, ko a jingina ƙafar da bango, ko a ɗora ta a kan kujera ko kifaffen turmi, yadda dai idon sawu zai fi ƙirji tsawo sosai. Filo ɗaya a ƙarƙashin ƙafa bai isa ba a wannan lokaci. A lokaci guda a ninke ƙyalle mai tsabta, ɗankwali ne ko hankici ko yankin zane wankakke, a ɗora a kan bakin raunin, a danne da babban yatsa ko tafin hannu. Idan babu ƙyalle a kusa, a danne da yatsa tsirara kafin a kawo, domin ramin yawanci ƙarami ne ƙwarai, kan yatsa ɗaya yana rufe shi. Mai dannawa ya sa safar hannu in akwai, in babu ya zura hannunsa cikin leda mai tsabta, ya kuma wanke hannu da sabulu daga baya.

Sai a riƙe haka minti 10 zuwa 15, a duba agogo ko waya, kada a ƙiyasta da ka. A nan ne mutane da yawa suke ɓata aikin, domin duk bayan minti ɗaya sai wani ya ce a ɗaga a gani ko ya tsaya, kuma duk ɗagawa tana ɓalle ɗan gudan jinin da ya fara toshe ramin, a koma farko. Idan ƙyallen ya jiƙe, kada a cire shi, a ɗora wani a kansa a ci gaba da dannawa. Idan an ga jini yana ci gaba da ɓulɓulowa ta gefe duk da an ƙara, to alama ce ba a kan ramin ake dannawa ba. A nan kaɗai ya halatta a buɗe sau ɗaya, a share, a gano ainihin inda yake fitowa, a sake dannawa daidai. A kuma duba ko akwai abin da ya matse ƙafar daga sama, kamar safa mai roba, ko wandon da aka naɗe ya shaƙe gwiwa, ko zanen da aka ɗaure tamau, a sassauta shi.

Bayan jinin ya tsaya, a bar ƙyallen a inda yake, a naɗe shi da bandeji mai ɗan talewa, in babu a yi amfani da gyale ko rawani. A fara naɗin daga gindin yatsun ƙafa a hau har ƙasan gwiwa, ya kama sosai amma ba shaƙewa ba. A bar yatsun a waje don a riƙa duba su. Idan suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko ta ce suna mata tsami ko sun mutu, naɗin ya yi tsanani, a sassauta. Hanya mai sauƙi ita ce a danna farcen babban yatsa har ya yi fari, a saki. Idan launinsa ya dawo cikin daƙiƙa biyu, jini yana isa. Ƙafar ta ci gaba da zama a ɗage, kuma kada ta miƙe tsaye don gwada ko ta warke.

Wanda abin ya same shi shi kaɗai, matakan ba su canza ba. Ya kwanta a ƙasa, ya ɗora ƙafar a bango ko bakin gado, ya lanƙwasa gwiwa yadda hannunsa zai kai wurin, ya danne, sannan ya yi kira da murya ko da waya. Kada ya tashi neman tsumma ko ruwan wanke jini. Ina so ki zauna da Inna ki sa ta gwada wannan kwanciya da ɗaga ƙafa tana lafiya, har jikinta ya saba, domin ita take fita tsakar gida da asuba lokacin da kowa yake barci.

Batun ɗaurin roba da abin da ake zubawa a rauni

Ƙanenki ya yi abin da kusan kowa zai yi, don mun taso muna jin cewa idan jini yana zuba a ɗaure sama da wurin. Amma ki lura da abin da ɗaurin yake yi. Jijiyoyin da ke kawo jini daga zuciya suna can ciki kuma ƙarfinsu ya fi, don haka robar tayar keke ko igiya ko ɗankwalin da aka ɗaure da hannu ba ya iya rufe su. Waɗanda yake rufewa su ne masu mayar da jini. Sakamakon haka jini yana ci gaba da shigowa ƙafa, hanyar komawarsa kuma an toshe ta, babu mafita sai ta ramin. Wannan shi ne ainihin abin da ma'aikacin asibiti yake yi da gangan idan zai ɗibi jini: ya ɗaure damtse da roba don jijiya ta cika ta taso.

Na taɓa karɓar wani dattijo mai gadi da aka kawo a bayan kabu-kabu, an ɗaure masa ƙwauri da roba har wuri biyu, ƙafar tana lilo, takalminsa cike da jini, yana gumi mai sanyi, da ƙyar yake amsa sunansa. Muna kwantar da shi muka yanke robar, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga ƙafar ta danna da yatsa ɗaya, kafin a buɗe kayan ɗinki jinin ya tsaya. Da muka share wurin, sai da muka kawo fitila kusa sannan muka ga ramin. Sai da aka yi masa ƙarin jini, kuma mafi yawan abin da ya rasa a kan hanya ya zube.

Akwai inda ɗauri mai tsanani yake ceton rai, kamar harbin bindiga, ko saran adda, ko haɗarin mota da ya yanke babbar jijiya mai harbawa, jini ja wur yana fita da bugun zuciya kuma dannawa ta gaza. Wannan wani babi ne daban, da kayan aikinsa da horonsa. Jinin kumburarriyar jijiya yana iya yin tsartuwa har ya tsorata mutane, amma launinsa ya fi duhu, fitarsa a miƙe take ba bugu-bugu ba, kuma yana raguwa nan take idan an ɗaga ƙafa.

Garin kafso kuwa ba ya tsayar da jini, ba a kuma yi shi don zubawa a rauni ba. Haka toka, da gawayi, da ƙasa, da garin magani, da man birki, da man goge baki, duk na ga an zuba su. Ba sa toshe jijiya, suna ɓata mana lokaci wajen wanke wurin, kuma ƙasa da toka da kashin dabbobi suna iya shigar da ƙwayar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora da sandarar da jiki. Fatar irin wannan ƙafa dama ba ta saurin warkewa, ƙazanta kaɗan tana iya mayar da ɗan rami ya zama gyambon da za a yi watanni ana jinya.

Tafiya asibiti

Akwai alamomin da idan an gan su ba a jira komai: jini ya ƙi tsayawa bayan minti 15 na dannawa da ɗagawa, ko ya dawo da zarar an sassauta, jiri, ko gumi mai sanyi, ko bugun zuciya da sauri, ko numfashi sama-sama, ko ƙishirwa mai tsanani, ko ruɗewa da suma, ko tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari fat. Mai irin waɗannan alamomi a bar shi a kwance, a lulluɓe shi, kada a ɗura masa ruwa ko abinci idan hankalinsa ba cikakke ba ne. Lemon malt da madarar da ake haɗawa da sunan ƙarin jini ba sa mayar da abin da ya zuba a wannan sa'a, kuma suna iya kawo cikas idan ana bukatar sa shi barci don aiki.

Yadda za a ɗauke ta ma yana da muhimmanci. A nemi mota, ta kwanta a kujerar baya, ƙafar tana kan kafaɗa ko ƙirjin wanda yake dannawa. Idan keke napep ne kaɗai ake da shi, ta kishingiɗa a tsawon kujerar a riƙe ƙafar sama. Babur shi ne zaɓi mafi muni, domin ƙafa tana ƙasa ga jijjiga. Ku da kuke cikin gari, Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo duk suna kusa da ku. Wanda yake nesa, kamar Illela ko Goronyo ko Tambuwal ko Sabon Birni, ya fara da asibiti mafi kusa, domin ɗinke jijiyar da sa ruwa ba sai babban asibiti ba, daga baya a nemi takardar turawa.

Abin da muke yi a can ba mai yawa ba ne. Mukan wanke wurin, idan akwai bukata mu sa ɗinki ɗaya ko biyu da za su zagaye jijiyar su shaƙe ta, mu naɗe ƙafar, mu auna yawan jinin da ya rage, mu yi allurar tetanus ga wanda bai da rigakafi, mu sa ruwa ko jini idan asarar ta yi yawa. Yana da kyau a tafi da ɗan'uwa ɗaya ko biyu masu lafiya da za su iya ba da jini.

Magungunan da take sha

Wannan ɓangaren tambayarki ya ja hankalina. Asfirin yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini haɗuwa, kuma tasirinsa yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10 bayan an daina sha. Magungunan ciwon gwiwa da aka fi saya a kemis, irin su diklofenak da ibufurofen, su ma suna ƙara saurin zubar jini, haɗa su da asfirin kuma yana iya jawo gyambon ciki da taɓa ƙoda, musamman ga mai shekaru. Idan likita ne ya ɗora ta a kan asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ku dakatar da shi da kanku, shi zai auna wane haɗari ya fi. Idan kuwa wani ne kawai ya ce mata yana maganin hawan jini, to ba ya saukar da hawan jini, kuma akwai bukatar a sake duba dalilin shansa. Kafin ku ga likita, farasitamol ya fi aminci don ciwon gwiwar. Ku tattara duk kwalayen magungunanta, har da na gargajiya, ku tafi da su. Wanda yake shan masu tsinka jini masu ƙarfi irin su wafarin, shi kam ko jinin ya tsaya a gida, a ranar zai je asibiti.

Ɓawon nan ba warkewa ba ne

Ki gaya wa Inna cikin ladabi cewa baƙin ɓawon da take gani murfi ne kawai a kan jijiyar da har yanzu take cike da matsi. Ranar da ya ɓamɓare, ko a wajen wanka ko susa ko cikin barci, jinin zai iya dawowa, kuma jijiyar da ta fashe sau ɗaya ta fi saurin sake fashewa. Saboda haka ne hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2013, ta ce duk wanda kumburarriyar jijiyarsa ta yi jini a tura shi wurin ƙwararrun jijiyoyin jini nan take, ba a sa shi a layin jira ba. Amsar tambayarki ke nan: dole ne ku je, kuma cikin kwanakin nan.

Likitan tiyata zai so a yi sikanin jijiyoyin ƙafar, don a ga bawul ɗin da suka lalace, a kuma tabbatar manyan jijiyoyi masu mayar da jini da ke can cikin naman ƙafa a buɗe suke, domin wani lokaci kumburin na waje yana biyo bayan toshewar na ciki ne, kuma a irin wannan yanayi ba a cire na wajen. Hanyoyin magani su ne ƙone jijiyar daga ciki da zafin leza, wato wani haske mai ƙarfi, ko makamancinsa, ko yi mata allurar kumfa da ke sa ta manne ta bushe, ko tiyatar ɗaure ta a matsematsi a zare ta. Jini ba ya rasa hanya bayan an rufe ta, yana bi ta jijiyoyin ciki, waɗanda dama su ne suke ɗaukar mafi yawansa. Ni aikina karɓar gaggawa ne, ban kuma ga ƙafar Inna ba, don haka wanda ya duba ta ya ga hoton shi zai faɗi hanyar da ta dace da ita da kuma inda za a yi.

Maganar wanzami kuwa, ina roƙonku da ku rufe ta. Ina girmama wanzamai da sana'arsu, amma babu wani mataccen jini a cikin jijiyar nan. Jini ne mai rai da yake haɗe da sauran jinin jiki, duhunsa kuma na jinin da yake kan hanyar komawa huhu ne. Tsaga ko ƙaho ko sakiya a kan wannan jijiya buɗe rami ne da ya fi wanda ya tsorata ku girma, a kan fatar da ba ta iya haɗewa da wuri.

Kafin ranar ganin likita da kuma bayanta

Ta daina wanka da ruwa mai zafi sosai, mai ɗumi ya wadatar, kada ta dirje ƙafar da soso ko dutsen goge kaushi, ta riƙa dangwala tawul a hankali maimakon gogewa. Hunturunmu na Sakkwato yana busar da fata ta tsage ta yi ƙaiƙayi, susa kuma ita ce ta fi ɓalle irin wannan jijiya, don haka a yanke mata farce, a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin safe da dare, ban da kan ɓawon. A lokacin bazara kuma, daga Maris zuwa Mayu da zafi yake haura digiri 40, jijiyoyin sun fi cika, sai ta ƙara yawan hutawa da ƙafa a sama. A wajen tuya ta janye ƙafar daga wuta, ta ɗora ta a kan wani abu, ta riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa, tana tashi tana ɗan takawa lokaci-lokaci. Da rana ta kwanta ta ɗaga ƙafa kamar minti 20 sau biyu ko uku, da dare kuma a sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen sawu. Game da alwala, malamai sun yi bayanin halaccin shafa a kan ɗaurin rauni, saboda haka ba sai ta kwance bandeji ba.

Safar matsi ta asibiti tana taimakawa, ana sa ta da safe kafin a sauko daga gado, a cire da dare. Amma kada ku saya kai tsaye a kasuwa. Sai an auna ƙafar, an kuma tabbatar jijiyoyin da ke kawo jini ba su ƙuntata ba, musamman ga mai ciwon suga ko tsoho, domin matse ƙafar da dama jini ba ya isarta yana iya kashe yatsu. Na san sa ta a zafinmu ba daɗi, shi ya sa nake ganin ta a matsayin abin riƙon ƙwarya kafin a gyara jijiyar.

Ki riƙa duba mata ƙafar da kanki a wuri mai haske, kina shafawa da yatsa a hankali, don a baƙar fata ido ba ya saurin gani. Ɗan ƙullutu mai sheƙi da fatarsa ta yi laushi kamar za ta huje, ko baƙin ɗigo a kan jijiya, ko fatar idon sawu da ta ƙara duhu ta yi tauri, ko rauni da ya wuce mako biyu bai rufe ba, duk dalilai ne na komawa asibiti da wuri. Idan kuma ƙafar ɗaya ta kumbura farat ɗaya da ciwo da zafi, ko Inna ta ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, wannan yana iya zama gudan jini a jijiyar ciki, a tafi sashen gaggawa a sa'ar. A ajiye bandeji biyu da ƙyalle mai tsabta a cikin leda, ɗaya a gefen gadonta, ɗaya a wurin tuyarta, kuma kowa a gidan, har da yaran da suke kai mata tallar masa, ya san inda suke da yadda ake kwantar da ita a ɗaga ƙafar.